Bauta ko Mulki: Gardamar Bulgeriya

Birnin Tarnovo na Bulgeriya ya faɗa hannun Daular Usmaniyya a 1393, kuma Bulgeriya ba ta sake samun gwamnatin kanta ba sai 1878. A tsakanin nan manoma Kiristoci suna cikin "raya", talakawa masu biyan haraji. Akwai lokacin da har 'ya'yansu maza ake ɗiba zuwa rundunar sarkin Usmaniyya.

Jikokinsu sun raɗa wa zamanin suna "robstvo", wato bauta. Marubuci Ivan Vazov ya kira shi "igo", karkiya. Masana tarihi da dama sun fi son "vladichestvo", mulki, kuma suna da hujja, domin manomin yana da gonarsa da cocinsa.

Gardamar ta shiga manhajar makarantu a 2016, har ministan ilimi Todor Tanev ya rasa kujerarsa.