Darasi Ɗaya a Rana: Abin da Tarihin TEE Ya Bar Mana

A shekarar 1963, malaman wata makarantar tauhidi a ƙasar Gwatemala suka fuskanci matsalar da mu ma mun san ta. Samarin da suke horarwa a makarantar kwana ba su cika komawa ikkilisiyoyin karkara ba, dattawan da ke riƙe da ikkilisiyoyin kuma ba su da halin barin gona da iyali har shekara uku. Sai James Emery da Ralph Winter, daga baya kuma Ross Kinsler, suka ga tunda ɗalibi ba zai iya zuwa ba, gara makaranta ta je wurinsa. Mafarin TEE ke nan, wato karatun tauhidi da mutum ke yi yana zaune a gidansa, yana kan hidimarsa.

Ba da daɗewa ba aka gane cewa littafin aji bai dace da mai karatu shi kaɗai ba, domin ba shi da malamin da zai tsayar ya tambaya. Aka ari dabarar da B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya yaɗa a shekarun 1950: a ba da bayani kaɗan, a yi tambaya nan take, ɗalibi ya rubuta amsa, ya duba ko ya yi daidai, sannan ya wuce gaba. Da tsarin ya iso Afirka a shekarun 1970, Fred da Grace Holland da abokan aikinsu suka shirya littattafan TEXT-Africa, waɗanda ake bugawa a Kenya, aka kuma fassara su zuwa harsuna da yawa. Littafi guda na mako goma ne, kowane mako darasi biyar. An raina su, an ce karatun yara ne. A ganinmu masu rainin ba su taɓa gwada karanta shafi talatin da fitilar ƙwai bayan wunin noma ba.

Ted Ward ya kwatanta tsarin da shinge. Itace ɗaya na gicciye shi ne karatun gida, ɗayan hidimar da ɗalibi ke yi a ikkilisiya, turakun da ke riƙe su kuwa su ne haɗuwar mako-mako da malami. A wannan haɗuwa ba a kawo sabuwar lacca, abin da aka riga aka karanta ake tattaunawa.

Binciken masana ya goyi bayan wannan. A 1956 George Miller ya nuna cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abu bakwai ko kusa da haka ba, waɗanda suka biyo bayansa ma sun rage adadin zuwa huɗu. A 1988 John Sweller ya bayyana cewa idan kaya ya yi wa hankali yawa, koyo kan tsaya. Manzo Bulus ya riga su a 1 Korantiyawa 3:2, inda ya yi zancen madara da abinci mai tauri.

Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, yawancinmu muka koma WhatsApp, muka kuwa manta da wannan tarihi. Mukan tura murya ta minti arba'in, da takardu uku, da bidiyo, duk a dare ɗaya, mu ce mun koyar. A ɗauki mai bishara a wani ƙauyen Miga ko Jahun. Da damina yana gonar shinkafa, wata shekarar ma yana fama da ambaliyar kogin Haɗeja. Sai ya kai waya wurin masu caji, ya sayi data da kuɗin cefane, ya buɗe ya tarar da saƙo sama da ɗari, rabi duk gaisuwa da "Amin", darasin ya nutse a tsakiya. Irin wannan ɗalibi ba ya cewa kaya ya yi masa yawa, don yana jin nauyin malaminsa. Shiru kawai yake yi, mu kuma a ƙarshen zango mu rubuta a gaban sunansa cewa ya daina karatu.