Saurin Mario a Zauren Ƙofar Mata

A 1994 yayana ya shigo gida da wani kwali daga kasuwar Sabon Gari, cikinsa akwai na'urar gem mai hannu biyu da bindigar roba, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta masa wasanni dubbai, alhali idan aka tace ba su wuce goma ba. Muka jona ta da talabijin a zaurenmu, bayan karofin Ƙofar Mata, inda ake cewa tun 1498 marina ke tsoma zane a baba. Muddin akwai wutar Nefa, 'ya'yan marina kan cika zauren, su bar mana shuɗin yatsu a jikin hannun gem.

Sai da na girma na gane cewa abin da muke kira Nintendo ba na Nintendo ba ne. Kamfanin ya fitar da Famicom a Japan a 1983, wadda ta isa Amurka da sunan NES a 1985. Abin da ya iso Kano kwafi ne daga masana'antun Taiwan da Sin, irin wanda ya cika kasuwannin Rasha da sunan Dendy.

Yayana ya rasu, na'urar kuma ta daɗe da mutuwa. Da ɗansa ya nemi in nuna masa wasan da mahaifinsa ya fi gwaninta a kai, sai na shiga neman manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ko waya ta yi aikin tsohuwar na'ura. Su ma suna da tarihinsu. A 1997 Nesticle ta fito, mai sauƙin nauyi amma mai kurakurai, kuma a shekarar ce Nicola Salmoria na Italiya ya soma MAME domin adana wasannin da injinansu ke lalacewa. Tun daga nan masu rubuta su suka rabu: wasu na son wasa ya gudana ko a kan rarraunar kwamfuta, wasu na son a kwaikwayi kowane motsi na na'urar asali, ko da hakan zai ci ƙarfin inji.

Na bi ɓangare na biyu, na ɗauki Mesen, wadda ake yabo da daidaito. Da Super Mario Bros ya buɗe, sai na ji kiɗan yana gaggawa, Mario na gudu kamar ana binsa bashi. Na faɗa ramin da a da nake tsallakewa ido rufe, yaron yana kallona. Na ɗora laifin a kan tsufa.

Daga baya na gano dalilin. Talabijin ɗin Japan da Amurka na sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu na Nijeriya, mai tsarin PAL, sau 50. Masu kwafin sun gyara na'urarsu ta dace da namu, ba su taɓa wasannin ba, don haka komai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, har da kiɗa. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, yarintar ɗan Tokyo ta dawo mini da ita. A ganina, duk mai rubuta tarihin wasannin nan ya tsaya a kan na'urar asali ya bar mu a waje, mu da muka tashi da jabu.

Na yi sa'a 'yan Rasha sun riga mu kuka. Mesen da FCEUX duk suna da zaɓin da aka sa wa suna Dendy. Na danna shi, kiɗan ya lafa, ya koma yadda nake jinsa a zaure yana cuɗanya da amon bugu daga wajen marina. Na tsallake ramin, na miƙa wa yaron hannun. Ya ce, "Baffa, ai wannan ya cika sanyi, a mayar da na ɗazu."