Kalmar “Amin”: Asalinta, Ma'anarta da Yaɗuwarta a Harsuna

Wanda ya ratsa Sabon Garin Zariya ranar Juma'a, ya sake ratsa shi ranar Lahadi, zai ji kalma ɗaya tana fitowa daga masallaci da majami'a. Unguwar ta kafu ne bayan layin dogo ya iso Zariya wajajen 1911, ta tara Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa. Harsunansu sun sha bamban, amma kowa da “amin” ko “amen” yake rufe addu'arsa. Haka abin yake a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tara ɗalibai tun 1962. Sai dai wannan kalma ta haɗu da matsaloli biyu: shubuha game da asalinta, da jayayya game da yadda ake faɗinta a salla.

Ma'anarta a Larabci

Malamai sun haɗu a kan cewa “amin” ba ta cikin Alƙur'ani, shi ya sa ba a rubuta ta a Mus'hafi ba. Masana nahawu sun lissafa ta cikin ismul fi'ili, wato sunan da ke ɗauke da ma'anar aikatau, kuma fassararta ita ce “Ya Allah, ka amsa”. Ana faɗinta da jan alifi, ana kuma faɗinta ba ja. Sanya wa mimun shadda kuwa kuskure ne, domin hakan yana mayar da ita wata kalma mai nufin “masu nufatar wani wuri”, kamar yadda ta zo a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Saiwarta ita ce hamza da mimun da nunun, wadda ke kewaye da ma'anar tabbata da natsuwa da yarda. Daga wannan saiwa Hausa ta sami imani da amana da aminci da amini da mumini. Daga nan ne kuma sunan Aminu ya fito, da na Amina, sarauniyar Zazzau wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri.

A sauran harsuna

Wasu masana nahawu na dauri sun lura cewa “amin” mai jan alifi ta zo a kan awon da ba na Larabci ba, irin na Habila da Ƙabila, don haka suka ce baƙuwa ce. Nazarin harsuna ya ƙara haskaka wannan. Ibrananci da Siriyananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kuma saiwar tana cikinsu duka da ma'ana makusanciya. A babi na 27 na littafin Maimaitawar Shari'a, cikin Attaurar da ke hannun Yahudawa, an umarci jama'a su amsa da “amen” har sau 12, a matsayin amincewa da abin da aka karanta musu. Wannan bai zama baƙo ga malaman tafsiri ba. A bayanin aya ta 89 ta Suratu Yunus, inda aka jingina addu'a ga mutum biyu alhali Annabi Musa (AS) ne ya yi ta, da yawansu sun ce Annabi Haruna (AS) yana cewa amin ne, sai aka ƙidaya shi cikin masu addu'ar.

Da aka fassara Attaura zuwa Girkanci a Iskandariya, kimanin ƙarni na 3 kafin miladiyya, an mayar da kalmar zuwa wata mai nufin “ya kasance haka”. Amma littattafan Kirista na Girkanci sun riƙe lafazin yadda yake, Latinanci ya karɓa, harsunan Turai suka gada. Saboda haka hanya biyu kalmar ta biyo zuwa Zariya. Ta farko ta Musulunci ce, ta ƙetaro Sahara tare da malamai da fatake, ta zauna a bakin Hausawa da Fulani da Barebari da Yarbawa. Ta biyu ta 'yan mishan ce, ta taso daga gaɓar teku. Lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da babbar gudummawa a cikinsa, an tarar da kalmar ta riga ta zama 'yar gida.

Shubuhar Amun

Ana yaɗa cewa “amin” ta samo asali daga Amun, gunkin Misirawan dauri. Wannan magana ba ta da madogara face kamannin sauti. Sunan Amun yana komawa ga wata saiwa ta tsohon harshen Misira mai ma'anar “ɓoyayye”, ba ta da alaƙa da yarda ko tabbata. Kama da wane ba ta wane. Ƙa'idar masana ita ce a nuna dacewar saiwa da ma'ana da hanyar da kalma ta bi a tarihi, kuma duka ukun sun tabbata ga dangin Larabci, ba ga gunkin Misira ba.

Bayyanawa ko asirtawa

Imamu Malik da Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa wanda amin ɗinsa ya dace da na mala'iku za a gafarta masa zunubansa da suka gabata. Saɓani yana kan yanayin faɗi ne kawai. Shafi'awa da Hambalawa suna bayyana ta a sallar bayyane, Hanafawa suna asirtawa. A Risala, littafin da ɗaliban ƙasar Hausa suka taso a kansa, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani (ya rasu 386 BH) ya kawo cewa mamu da mai salla shi kaɗai su asirta, liman kuma ba ya faɗa a sallar bayyane, sannan ya ambaci cewa akwai saɓani a kan limamin. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ɗaga murya da amin ya shiga cikin alamomin da mutane ke bambanta masallatai da su. Alhali mazhabobin nan huɗu babu wadda ta ɓata sallar wanda ya bayyana ko wanda ya asirta.

Kammalawa

A duk harshen da ta shiga, aikin “amin” ɗaya ne: mutum ya ji roƙon ɗan'uwansa ya sa hannu a kai. Bahaushe ma bai taƙaita ta ga salla ba. Idan dattijo ya ce “Allah ya yi maka albarka”, yaron da bai amsa ba ana ɗaukarsa marar tarbiyya. Kalmar da aka ajiye don haɗa bakin jama'a a kan roƙo ɗaya bai dace ta zama dalilin raba sahu ba. Wajibin ɗalibi shi ne ya san asalinta da hujja, ya bi abin da ya rinjaya a wurinsa, ya kuma bar wa wanda ke gefensa a sahu uzurin da magabata suka bar wa juna. Allah ne mafi sani.