Hannu ko Inji: Lissafin Cirar Auduga a Jazira

Mu da aka haifa a waje, da an ce Hausawan Sudan sai tunaninmu ya tafi kan alhazan da suka tsaya a hanyar Makka. Haka ne, amma ba a cika gaya mana abin da ya riƙe su a can ba. Babban abin da ya riƙe su auduga ce. Yau ina so mu duba lissafinta: da cira da hannu da cira da inji, wanne ya fi araha, kuma wa ya biya kuɗin arahar?

Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'arsa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, ba nisa da garin, suka buɗe gonakin noman rani na Jazira mai faɗin feddan 300,000. Feddan ɗaya ya ɗara eka kaɗan. Manufarsu masaƙun Lankasha su samu auduga mai dogon zare. Ƙasar a shimfiɗe take da ɗan gangare, ruwa na bin magudanai da kansa ba sai an yi famfo ba. Da aka ƙara yankin Manakil daga ƙarshen shekarun 1950, faɗin ya kai kusan feddan miliyan 2.

Rabon kuɗin da aka daɗe a kai shi ne: kashi 40 cikin 100 na gwamnati, 40 na manoma masu hawasha, wato gonar haya, 20 na kamfanin da ke gudanarwa. A 1950 hukumar gwamnati ta gaji kamfanin. To, ku duba rabon nan da kyau, babu sunan mai cira a ciki. Mai hawasha ne ke karɓar bashi ya ɗauko 'yan ƙodago, ya biya su gwargwadon nauyin abin da suka cira. A nan mutanenmu suka shigo, tare da mutanen Darfur da Kordofan da Chadi. Duk kaka, wajen watan Janairu zuwa Afrilu, dubban ɗaruruwan mutane ne ke shiga gonakin, maza da mata har da yara.

A can Amurka kuwa wata hanya aka bi. A 1944 wata gona kusa da Clarksdale a jihar Misisipi ta noma auduga ta kuma cire ta da inji zalla. Daga ƙarshen shekarun 1940 kamfanin International Harvester ya shiga ƙera injinan da yawa. Manyan gonakin noman rani na Kalifoniya su suka fi saurin karɓa, domin ƙodago na da tsada, filayen a baje suke, kuma ba a cika ruwan sama lokacin kaka ba. A 1964 aka rufe shirin da ke kawo 'yan ci-rani daga Meksiko, kuma kafin 1970 kusan dukkan audugar Amurka inji ke cirewa.

Amma fa inji yana da nasa sharuɗɗa. Sai an fesa magani ganye ya zube kafin ya shiga. Sai an shuka irin da ke buɗewa lokaci guda. Yana haɗawa da ganye da tsinke, don haka sai wurin gurza ya sayi ƙarin na'urar tsaftacewa, duk da haka darajar audugar takan sauka. Yana kuma barin wata a jikin itace ko a ƙasa. Hannu kuwa yana zaɓen wadda ta nuna, ya dawo karo na biyu da na uku, ya kawo ta fes. Ga auduga mai dogon zare irin ta Jazira, wadda kuɗinta ke cikin tsaftarta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sudan ma ta gwada. Bayan tashin farashin mai a 1973, matasa suka yi ta tafiya Saudiyya da ƙasashen Gulf, hukumomi suka fara kukan ƙarancin ma'aikata. A gonakin Rahad da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, inda ake noman auduga mai matsakaicin zare, aka shigo da injinan cira. Ba su kori hannu ba. Dalili kuwa, inji da kayan gyaransa da mansa da maganin feshi duk da dala ake saye, a lokacin da ƙasar ke fama da bashi da ƙarancin kuɗin waje. Mai cira kuwa da fam na Sudan ake biyansa, fam ɗin da kullum darajarsa ke faɗuwa. Inji ya lalace a tsakiyar kaka sai a jira kaya daga ƙetare, alhali auduga ba ta jira.

Kun ga a takarda hannu ya ci. Ni dai abin da nake so mu lura da shi shi ne abubuwan da ba a saka cikin lissafin ba. Mai inji dole ya biya kuɗin ajiye shi da gyara shi duk shekara, ko yana aiki ko ba ya yi. Mai cira kuwa da kaka ta wuce shi ke nan, shi zai ji da kansa. Da yawa sun zauna a kambo, wato sansanin 'yan ƙodago a gefen magudana, a filin da ba nasu ba, galibi babu makaranta babu asibiti, suna shan ruwan da ke kawo tsargiya. Wasu sun samu hawasha a shekarun 1930 lokacin da farashi ya faɗi manoma suka gudu, amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ƙuntata wa waɗanda ake kira Fallata. Da an saka kuɗin fili da magani da karatun yaran da aka fitar cira, wallahi da arahar nan ta ragu sosai.

A 2005 aka yi dokar da ta bai wa manoman Jazira 'yancin shuka abin da suke so, auduga ta ƙara ja baya. Sai kuma yaƙi: a Disambar 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma a wannan watan aka kai wa wasu kambo hari aka kashe mutane. Jikokin masu cirar nan na cikin waɗanda suka rasa matsuguni.

Don haka 'yan uwa, wanda ke da tsoho ko tsohuwa da suka yi zaman Jazira, don Allah ya zauna da su ya tambaya: nawa ake biya a kwando, wa ke auna nauyi, yaya ake yi da bashi? Ya rubuta ya aiko mu buga. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, amin.