Daga Zauren Malam Zuwa Wayar Hannu

A Yolar da Modibbo Adama ya kafa a 1841, wanda hankalinsa ya taɓu ba wani gini na musamman ake kai shi ba. Danginsa ne ke sallama a zauren malam, a yi tofi, a wanke allo a kawo rubutun sha, wasu kuma su zagaya wajen boka ko 'yan bori, tunda iska ko sammu ake zargi. Sau da yawa malamin bai ma ga majinyacin ba, ɗan aike ke kai bayani ya dawo da laya. Ashe neman magani daga nesa ba baƙo ba ne a Fombina, ƙasar Modibbo Adama. Ko maganin na ci ko ba ya ci wata magana ce daban, kuma wanda ya fi ƙarfin dangi turu ake sa shi, abin da babu mai kewarsa. Amma abin da ya riƙe mutane a wannan hanya shi ne rufin asiri: an saurare su da harshensu, mai ciwo na ɗakinsa, unguwa ba ta ji ba, balle a ƙi neman auren ƙannensa.

Turawa sun ci Yola a 1901, Jimeta ta bunƙasa a bakin Binuwai, sai dai tsarin da suka kawo na tsarewa ne. Gidan mahaukata na Yaba da aka buɗe a 1907 da dokar 1916, wadda aka sabunta a 1958, sun fi kula da kare jama'a daga majinyaci. Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gano illar haka, shi ya sa a 1954 ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Duk da haka tsohuwar dokar ba ta kau ba sai a Janairun 2023, da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa.

Lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, Yola da Jimeta suka cika da 'yan gudun hijira, sansanoni irin na Malkohi suka tara masu firgita da rashin barci waɗanda ba turu suke bukata ba, mai sauraro suke nema. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai ɗari uku ba, asibitin tarayya na wannan fanni mafi kusa kuma yana can Maiduguri. Don haka idan majinyaci ya gamsu da ganawa da likita ta waya ko bidiyo, ba na'urar ta burge shi ba. Tsohon rufin asirin nan ya sake samu, babu mai ganinsa a layin asibiti.

Za a ce waya ba ta yin allura, ba ta kwantar da wanda ya birkice. Gaskiya ne, wannan sai asibiti, amma damuwa da firgici sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Za a kawo kukan data da ɗaukewar sabis, alhali kuɗin mota zuwa Maiduguri ya fi su ciwo. Sukar da ta fi nauyi daga tarihin kansa ta fito. Malamin zaure ya san Fulatanci da Hausa, ya san dangin. Mai ba da shawara daga Legas da Turanci zalla bai gaji wannan ba, haka ma matar da sai ta ari wayar mijinta, ta yi magana a tsakar gida kishiya na jin ta, ba ta samu rufin asirin ba.