Me Hirohito ya faɗa wa MacArthur a bayan ƙofa?

Cikar shekara 80 da miƙa wuyan Japan, a watan Agustan 2025, ita ta sa na sake kallon fim ɗin Solntse, wato Rana, wanda Aleksandr Sokurov na Rasha ya fitar a 2005. Mai neman harbe-harbe gara ya nemi wani fim. Kusan duk abin da za ka gani shi ne wani ɗan siririn dattijo, Issey Ogata a matsayin Sarki Hirohito, yana yawo a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, hadimai na saka masa maɓallin riga, leɓensa na motsi kamar na kifi. Tokyo ta zama toka, shi kuwa yana can yana yaba kyawun wata ƙaguwa a ɗakin bincikensa. Wannan ba ƙari ba ne, domin Hirohito masanin halittun ruwa ne na gaske.

Sokurov ya riga ya yi fim kan Hitler a 1999 da Lenin a 2001, amma Hirohito ne ya samu sassaucinsa. A nan muka raba hanya.

Daren 14 ga Agusta 1945 aka naɗi muryar sarkin a faifai yana sanar da miƙa wuya. Kafin gari ya waye, wasu ƙananan hafsoshi ƙarƙashin Manjo Kenji Hatanaka suka mamaye fada suna neman faifan su lalata, har suka kashe Janar Takeshi Mori da ya ƙi ba su goyon baya. Ba su same shi ba. Da tsakar rana talakawa suka ji muryar sarkinsu karo na farko, cikin tsohon harshen fada da yawancinsu ba su gane ba. Su ma sojojinmu da suka fafata da Japanawa a dajin Bama, wannan faifan ne ya rufe musu yaƙi.

Inda gardamar take shi ne ranar 27 ga Satumba, lokacin da sarki ya je ofishin jakadancin Amurka ya gana da Janar Douglas MacArthur. Hoton ranar ya shahara: MacArthur cikin kaki, wuyan riga a buɗe, hannu a ƙugu, ga sarki a gefensa ya ƙame cikin baƙar kwat, da kyar ya wuce kafaɗarsa. Gwamnatin Japan ta hana jaridu bugawa, Amurkawa suka soke haramcin. Hira kuwa ba ta kai sa'a guda ba, kuma mutum uku ne kawai a ɗakin: su biyu da tafinta Katsuzo Okumura.

A littafin tarihin rayuwarsa na 1964, MacArthur ya ce sarki ya ɗauki alhakin yaƙin dungurungum, ya miƙa kansa a yi masa hukunci, abin da ya ratsa shi har ɓargo. Labarin ya yi daɗi, ya bazu. Sai a 2002 ma'aikatar harkokin wajen Japan ta fitar da rubutun Okumura, aka duba, babu wannan magana a ciki. Masu kare janar ɗin sun ce da gangan aka cire ta don kada ta zama hujja a kotu. Mai yiwuwa ne. Amma ni na fi karkata ga tafinta, wanda ya rubuta nasa da zafinsa, a kan janar da ya jira shekara 19, ga shi kuma sananne wajen ƙawata labarin kansa. Banda haka, MacArthur yana bukatar sarki mai tsabtar hannu don ya mulki Japan ba tare da tawaye ba. Masanin tarihi Herbert Bix, wanda littafinsa ya ci kyautar Pulitzer a 2001, ya nuna cewa Hirohito yana bin diddigin yaƙin, yana yi wa hafsoshinsa tambayoyi, ba ɗan kallo ba ne kamar mutumin Sokurov.

Sauran ya tafi da sauri. Ranar 1 ga Janairu 1946 sarki ya musanta cewa shi abin bauta ne. Kotun laifukan yaƙi ta Tokyo ba ta kira shi ko a matsayin shaida ba, aka rataye tsohon firaminista Hideki Tojo a Disamban 1948, shi kuwa ya zauna a karaga har 1989. Fim ɗin Sokurov kuwa sai a 2006 ya shiga gidajen sinimar Japan.