Siyasar Mazaunin Zango: Abin Da Tarihin Sabon Badun Ya Koya Mana

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, tambaya ɗaya ce ake ta jefo mana daga kowace kusurwa, wato, "Ku mutanen Sabo wace jam'iyya kuke yi?" 'Yan siyasar gari su tambaye mu, 'yan uwanmu na gida Arewa su bugo waya su tambaye mu, har yaranmu ma da suka isa jefa ƙuri'a sai su tambaya. To, kafin mu ba kowa amsa, ya kamata mu waiwaya mu dubi yadda iyaye da kakanni suka yi da wannan tambaya, domin ba yau aka fara yi mana ita ba.

A shekarar 1916 ne aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a nan Badun. Abin da ya kawo mutanenmu kuwa sananne ne, fatauci. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, sa'an nan a 1912 aka buɗe hanyarsa har Kano, sai shanu suka riƙa gangarowa Kurmi, huhunan goro suna haurawa Arewa. Wannan ciniki duk a kan amana da bashi yake tafiya. Falke ya sauka gidan maigidansa, maigida ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauci Bayarabe shanu bashi, maigida ya tsaya a kan kuɗin. A farkon zamanin Turawa babu maganar jam'iyya. Sarkin Sabo shi ne tsani tsakaninmu da Olubadan da Bature, hukuma kuma tana bayansa, wanda ya ƙi bin tsari ana iya korarsa daga unguwa.

Farkon shekarun 1950 sai kiɗa ya canza. NCNC ta Zik tana nan tun 1944, aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Action Group ta Awolowo ta fito a 1951, a wannan shekarar kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama cikakkiyar jam'iyyar siyasa. Mulki ya fara fita daga hannun Bature da sarakuna yana komawa hannun zaɓaɓɓu. Ke nan ƙarfin da ke bayan Sarkin Sabo ya ragu, jam'iyyun Kudu kuma suka shigo unguwa neman ƙuri'a. A nan ne mutanenmu suka fara shiga tsaka mai wuya. Gwamnatin Jihar Yamma tana hannun Action Group mai alamar bishiyar kwakwa, amma majalisar garin Badun daga 1954 ta faɗa hannun Adegoke Adelabu da ƙungiyarsa ta Mabolaje, abokan NCNC mai alamar zakara. Rumfar kasuwa da fili da haraji suna hannun majalisar gari, manyan al'amura suna hannun gwamnatin jiha, zuciya kuma tana can gida wajen masu "Salama" ko masu "Sawaba". To, wa za ka bi, wa za ka bari?

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafi a kanmu a 1969. Ya nuna cewa a daidai lokacin da siyasar jam'iyyu ke neman raba kan unguwa, sai ɗariƙar Tijjaniyya ta yaɗu a cikinta, har a 1952 mutanen Sabo suka fara yin sallar Juma'a a masallacinsu. A fahimtarsa, wannan ne ya sake ɗaure kan jama'a ya kuma tsare musu cinikinsu. Ko mutum ya yarda da duk fassararsa ko bai yarda ba, akwai abin lura a ciki: magabatanmu sun gane cewa dole a sami wani abu da ya haɗa su wanda ba jam'iyya ba, tun da jam'iyya yau tana sama gobe tana ƙasa. Ba a jima ba kuwa aka ga haka. A watan Maris 1958 Adelabu ya rasu a haɗarin mota, magoya bayansa suka far wa 'yan Action Group, aka yi asarar rayuka da dukiya a Badun da kewaye.

Kada kuma a ɗauka cewa baƙo ba ya cin riba in ya shiga jam'iyyar masu gari. A cikin waɗannan shekarun ne Malam Umaru Altine, Bafulatani falken shanu daga ƙasar Sakkwato, ya shiga NCNC a Inugu, ya yi mata aiki da gaskiya, har Ibo suka zaɓe shi ya zama magajin garin Inugu na farko. Daɗin daɗawa, doka ta ba matan da ke zaune a Kudu damar jefa ƙuri'a tun zaɓen tarayya na 1959, alhali 'yan uwansu na Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu. Wato zama a Kurmi ya buɗe wa mutanenmu wasu ƙofofi da ba a buɗe a gida ba tukuna.

Babban darasi dai ya zo ne bayan samun mulkin kai. A 1962 Action Group ta dare biyu tsakanin Awolowo da Firimiya Ladoke Akintola, har aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma. Akintola, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Minna kuma yana jin Hausa sosai, ya kafa NNDP ya ƙulla ƙawance da Sardauna, suka shiga zaɓen 1964 da sunan NNA. Ɗaya ɓangaren kuma, UPGA, ya ƙunshi NCNC da Action Group, har da NEPU ta Malam Aminu Kano. Ga wanda bai yi nisa da tunani ba, ai faɗuwa ta zo daidai da zama, jam'iyyar gida da gwamnatin masauki sun zama abu ɗaya. Amma da aka yi zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 jama'ar gari suka ce an yi musu maguɗi, sai wutar da ake kira "wetie" ta tashi, ana watsa wa mutane da gidaje da motoci fetur ana cinna wuta. A irin wannan rana, mai fushi ba ya tambayarka katin jam'iyya. In ya gan ka da babbar riga da hula, shi ke nan kai ɗan NPC ne abokin Akintola, ko da kuwa gidanku kaf 'yan Sawaba ne. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola. Ƙawancen ya watse a dare ɗaya, mu kuwa aka bar mu da maƙwabtan da za mu ci gaba da kwana da tashi tare da su.

A Jamhuriya ta biyu an sake irin wannan tirka-tirka. Shehu Shagari na NPN mai gida da masara yana shugaban ƙasa daga 1979, Bola Ige na UPN yana gwamnan Oyo. A cikin unguwa akwai 'yan NPN, akwai 'yan PRP masu mabuɗi, su ma ɗin daga baya suka rabu santsi da taɓo kamar yadda aka rabu a Kano da Kaduna, akwai kuma na Waziri Ibrahim. A 1983 aka ce NPN ta ƙwace Oyo, Omololu Olunloyo ya hau kujera a watan Oktoba. Wata uku kacal ya yi, ran 31 ga Disamba soja suka kife gwamnatin baki ɗaya. Duk wanda ya ɓata da maƙwabcinsa ko abokin cinikinsa saboda wannan nasara, sai ya tsaya ya lissafa ribar da ya ci a wata ukun.

Zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuwa da yawanmu mun gan shi da idonmu. SDP mai doki ta tsayar da Alhaji Mashood Abiola da Babagana Kingibe, NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa. Talakan Arewa ya zaɓi Abiola, har a Jihar Kano ya kayar da Tofa ɗan gari. Amma da gwamnatin Babangida ta soke zaɓen ran 23 ga Yuni, sai laifin ya hau kan duk wani Bahaushe da ke Kurmi. Mutane suka yi ta ɗaure kaya suna tura iyali gida, tashoshin mota suka cika maƙil. Haka aka sake zaman ɗar-ɗar a Yuli 1998 da Abiola ya rasu a tsare. Wanda ya jefa wa doki ƙuri'a da wanda bai jefa ba, tsoro ɗaya suka kwana da shi. Abin da ya tsare waɗanda suka tsira da dukiyarsu a irin waɗannan ranaku shi ne tsohuwar amana tsakaninsu da masu gidajen haya, da abokan ciniki, da dattawan gari.

Daga 1999 zuwa yau kuma sai mu dubi masu masaukinmu su kansu. Sun zaɓi Lam Adesina na AD a 1999, Rashidi Ladoja na PDP a 2003, Alao-Akala ya biyo baya, sa'an nan Abiola Ajimobi na ACN a 2011. Har karin magana gare su cewa Badun ba ta bauta wa mutum sau biyu, sai Ajimobi ne ya karya ta a 2015. A 2019 suka juya wajen Seyi Makinde na PDP, a 2023 kuma suka ba Tinubu na APC ƙuri'ar shugaban ƙasa, bayan 'yan makonni suka maido da Makinde. Shi Ladoja ɗin da majalisa ta tsige a 2006, kotu ta maido shi, yau ga shi an naɗa shi Olubadan a 2025. Jama'a, in masu gari da kansu ba su ɗaure wuyansu a turke ɗaya ba, mu da muke zango mene ne namu na rantsuwa da jam'iyya ɗaya?

Mu kuwa, a gaskiya, idonmu ya fi karkata wajen kujerar Abuja. Mun bi Buhari daga ANPP zuwa CPC zuwa APC, wasu suna Atiku, matasa da yawa suna jar hula. Wannan ba laifi ba ne, kowa da dalilinsa. Wani gadon gidansu ne tun zamanin NEPU, wani kishin Arewa, wani kuma maigidansa yake bi. Amma abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairu 2021 ya isa ya tuna mana inda buƙatarmu ta yau da kullum take. 'Yar hatsaniya ce ta kasuwa ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara sun zo sun jajanta, Allah Ya saka musu da alheri, amma sun koma jihohinsu. Wanda ya rufe kasuwar, ya sa dokar hana fita, ya kuma buɗe ta daga baya, gwamnan Oyo ne. Rumfa, da lambatu, da makarantar yaranmu, da asibitin haihuwar matanmu, duk suna hannun kansila da ciyaman da gwamnan nan ne. Duk da haka har yanzu wasunmu katin zaɓensu na Kano ne ko Katsina ko Sakkwato, ran zaɓe su cika mota su tafi, su bar rumfar zaɓen ƙofar gidansu. Ɗan siyasa kuwa ɗan kasuwa ne kamarmu, alƙaluman rumfunan zaɓe yake dubawa kafin ya san unguwar da zai yi wa aiki. Hukumar zaɓe tana karɓar buƙatar sauya wurin rajista duk lokacin da ta buɗe sabunta rajista, saura mu mu je.

Mun sani akwai abin da ke sanyaya gwiwa. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo, in ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar asali, a nan a ce masa baƙo ne, a can Arewa a ce ba a san shi ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, ya kuma hana nuna bambanci, amma shi ne kuma yake ɗauke da maganar ɗan asalin jiha wajen naɗin minista. To, ƙuri'a dai ba ta tambayar asali. A akwatin zaɓe, na Sabo da na Mapo nauyinsu ɗaya, kuma da ita ce kaɗai za mu iya sa a saurari wannan kuka namu.

Saboda haka ga matsayin da muke ganin tarihi ya ɗora mu a kai. Kowane ɗayanmu ya shiga jam'iyyar da ta kwanta masa, ya shige ta da ƙarfinsa, ya halarci taron mazaɓa, ya nemi kansila in ya isa, kamar yadda Umaru Altine ya yi. Yana da kyau ma a ce kowace jam'iyya akwai namu a ciki, ta yadda duk wadda ta ci muna da mai shigar mana da magana. Amma ƙungiyarmu, da fadar Sarkin Hausawa, da masallatanmu, da shugabancin kasuwanninmu, waɗannan na kowa ne, kada a rataya musu tutar kowa. Ɗan takarar da ya zo gaisuwa a karɓe shi hannu biyu, a miƙa masa buƙatun unguwa a rubuce, wanda ya biyo bayansa ma a miƙa masa irinta. Kada wani ya je ya karɓi buhunan shinkafa da atamfa ya ce ya sayar da ƙuri'un Sabo kaf, domin ranar da abin ya juye, jama'a ce za ta biya bashin da ba ta ci ba. Matasanmu kuma mu ja musu kunne, kada a mai da su 'yan bangar siyasa a garin mutane.

In an sake tambayarmu wace jam'iyya Sabo take yi, sai mu ce Sabo tana da 'yan kowace jam'iyya, kuma ƙuri'unta na wanda ya yi mata aiki ne. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin. Wassalam.